Yaren da Ya Rage wa Mama

Laraba, 5 ga Nuwamba, 2008, bayan la'asar

Ina zaune a kan benci a ƙofar ɗakin mata na asibiti, Mama tana ciki. Shekaranjiya da safe ta faɗi a gaban tandarta a tashar Laranto, waina na kan wuta. Direbobin da suka saba karyawa a wurinta ne suka kawo ta. Ni ina aji ina koya wa 'yan aji uku lissafi aka zo aka kira ni. Da na iso na tarar bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar ba nata ba.

Likitan da ke duba ta, Dakta Dantong, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ce hawan jini ya daɗe yana cin ta ba mu sani ba, har wata jijiya ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta. Na ce ai dama ce ta mutu, ba hagu ba. Ya ce haka Allah ya tsara, hagun kai ke juya daman jiki, kuma a nan hagun magana take zaune.

Magana. Mama da duk unguwarmu ta Ali Kazaure an san bakinta. Yanzu sai wasu sautuka take yi, tana kallona, tana jira.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Tun jiya take maimaita abu ɗaya, mmiri, mmiri. Na gyara mata filo. Na juya ta. Na kawo fo. Ta rufe ido, hawaye ya gangara cikin kunnenta.

Juma'a, 7 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Wata nas mai suna Ifechi ta zo auna jini, ta ji Mama, sai ta tsaya cak. Ta sunkuya ta yi mata magana da yarensu. Mama ta damƙe hannunta da hannun hagu ta amsa.

Nas ɗin ta juyo ta ce, "Ruwa take so. Ba ku ba ta ruwa ba ne?"

Ruwa. Kwana biyu uwata tana roƙona ruwa, jarka na ƙarƙashin gadon.

Ta ce, "Mamanki Ibo ce?"

Na ce eh. Bakina ya yi nauyi da na faɗa, don ban saba ba. Sunanta na gida Ulonma. Tana budurwa ta musulunta ta auri Baba, Allah ya jiƙansa, aka sa mata Amatullahi. Danginta suka juya mata baya, ita ma ta ajiye yarensu kamar yadda ake ajiye tsohon zani a ƙasan akwati. Ni da Yaya Lukuman ba mu taɓa jin ta yi jimla ɗaya da shi ba. Karin maganar da ke bakinta ko kakarmu ta wajen Baba ba ta da shi.

Na tambayi Dakta Dantong yadda mutum zai manta Hausar da ya yi shekara talatin yana yi. Ya ce ba mantuwa ba ce irin ta ajiye makulli. Ya ce kalmomin suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta yanke, kuma wani lokaci yaren da aka sha da nono shi ke saura, na baya ya tafi. Na ce tana jin abin da nake faɗa mata? Ya ce, "Wani ta ji, wani ya wuce ta. Ki riƙa yi mata magana a hankali, Malama, gajere gajere. Kada ki yi mata ihu, ba kurma ba ce. Kuma hankalinta na nan, kada kowa ya ce miki ta haukace."

Ruwan ma da cokali ake ba ta, don haɗiya na sarƙe ta.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Maƙwabciyarmu Inna Hassana ta zo dubiya da kunu. Ta saurari Mama, ta ja ni waje, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani ne ya shiga jikinta yake magana da bakinta. Na ce yarenta ne. Ta ce, "Wane yare kuma? Amatu ai Bahausa ce."

Ta faɗa ne don yabo. Na rasa abin da ya sa ya yi min ciwo.

Talata, 11 ga wata, bayan magariba

An sallame mu. Magani na safe da na yamma, gashin ƙashi sau biyu a mako, a dawo ganin likita ranar Juma'ar ƙarshen wata.

A asibiti akwai Ifechi. A gida babu kowa.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Ta yi ta nuna wani abu a bango. Na kawo agogo, na kawo carbi, na kawo hoton Baba. Ta ture duka. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kasa tsayawa. Likita ya riga ya gaya min za ta riƙa yin haka, ciwon ne ke sakin linzamin kuka da dariya. Sanin bai rage min komai ba.

Har yanzu ban san abin da take so a bangon ba.

Alhamis, 13 ga wata, bayan isha'i

Na gaya wa Yaya Lukuman zan nemo Anti Nkoli, ƙanwar Mama. Da tana da shagon kwanuka a Laranto, muna yara takan cusa mana biskit a aljihu idan Mama ta wuce da mu. Tun rikicin shekara bakwai da suka wuce ta koma Tudun Wada, unguwar Kiristoci, daga nan zumunci ya zama sai gaisuwar saƙo.

Yaya ya ajiye cokali. Ya ce, "Ki kawo ta gidan nan ta riƙa raɗa wa Mama abin da ba mu ji? Kin san me za ta ce mata?"

Na ce, "Yaya, ƙanwarta ce."

Ya ce, "Maimuna, ni ba wannan ne ke hana ni barci ba. Idan ajali ya zo mata a haka, da wane baki za ta yi kalmar shahada?"

Ya tashi ya fita wajen motarsa, ya buɗe gaban yana taɓe-taɓe, alhali lafiyarta ƙalau.

Asabar, 15 ga wata, bayan magariba

Dole in rubuta wannan yanzu-yanzu.

Yaya ya makara jam'i, ya shimfiɗa darduma a ɗakin Mama. Ya tayar da salla, ya fara Fatiha a bayyane. Yana kai Arrahmanir Rahim sai na ji wata murya ta bi shi. Mama ce. Tiryan tiryan, har Amin, ba inda ta yi tuntuɓe. Yaya ya kasa jan sura. Ya tsaya a tsaye kafaɗunsa na girgiza.

Da ya sallame na durƙusa gabanta na ce, "Mama, ce Maimuna." Ta buɗe baki, ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi. Ba abin da ya fito.

Yaya ya share fuska da hularsa ya ce, "Gobe ki shirya, zan kai ki Tudun Wada."

Lahadi, 16 ga wata, da la'asar

Ya tsaya a bakin titi, ya ce ba zai shiga unguwar da mota ba. Na cire hijabi na yafa gyale na shiga ina tambaya. Na sami Anti ta dawo daga coci, tana cire ɗankwali. Ta tsufa. Goshinta na Mama ne sak.

Ban gama bayani ba ta ɗauki jakarta. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta ce, "Ulonma yana ciwo, kai sai yau kana zuwa? Mu tafi."

Da ta shiga ɗakin ta kira sunan da ban taɓa jin an kira a gidanmu ba. Mama ta ɗago kai. Abin da ya biyo baya ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu kamar 'yar aiki a gidan baƙi.

Daga baya na ce, "Anti, me ta ce?"

Ta ce, "Ya ce kunun da kana dama masa ruwa ne zalla. Ya ce shi bai koya maka haka ba."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Rabona da dariya tun ranar da ta faɗi.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Mun je gashi. Mai gashin ta ce a riƙa motsa hannun kullum ko ba ya ji, kada gaɓoɓin su ƙage. Na ga Dakta Dantong a baranda na ba shi labarin Fatiha. Bai yi mamaki ba. Ya ce abin da aka haddace aka maimaita shekara da shekaru, kamar addu'a da ƙirga da waƙa, yana da tasa hanyar daban, shi ya sa yakan fito ko da magana ta ƙi. Na ce to Hausar za ta dawo? Ya ce watannin farko su ne ake sa rai, ƙwaƙwalwa takan nemi wata hanya ta zagaya. Ya ce amma a kiyaye maganin hawan jinin, don ta biyu ta fi ta farko muni.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Anti na zuwa Talata da Alhamis. Yaya ke ɗauko ta a bakin titi, ya mayar da ita kafin magariba. Ba sa hira a mota, amma yau na ga ya sayo mata lemo.

Ta gaya min gaskiya a kicin. Ta ce Ibon ma ba cikakke ba ne, a gutsure yake fitowa, wani lokaci ta nemi cokali ta ce tsintsiya. Ta ce tana yawan tambayar mahaifiyarsu, wadda ta rasu tun ina firamare, Mama ba ta je jana'izar ba. Na ce me kike ce mata? Ta ce, "Ina ce masa ya tafi gona."

Na sa ta koya min kalmomi. Ina rubuta su yadda kunnena ya ji. Biya shi ne zo. Ndo shi ne sannu. Nne, uwa. Harshena ya ƙi lanƙwasa, Mama na kallona tana murmushi da rabin baki.

Asabar, 22 ga wata

Na ce mata ndo, Nne. Ta shafa kaina. Ban iya ƙara komai ba, ita ma haka.

Litinin, 24 ga wata, bayan azahar

Haushi nake ji yau, ban san na wa ba. Shekara ashirin da bakwai ina gabanta. Da ta koya min ko na wasa ne, ko lokacin da take min kitso. Me ta ji tsoro? Kakarmu? Mutanen layi? Ko mu ta ji wa tsoro, kada a kira mu da sunan da ake kiran irinta a bayan ido?

Na shiga in tambaye ta, na tarar tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya. Na ɗaura mata. Na fasa.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Ta taka daga gado zuwa ƙofa, ni a dama, Anti a hagu. Inna Hassana ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida.

Anti ta ce ba za ta zo jibi ba saboda zaɓen ƙananan hukumomi, gari ba ya daɗi ranar zaɓe. Sai Asabar. Ta ce Mama ta roƙi miyar shuwaka irin ta garinsu, za ta dafo ta kawo.

Maganin ya kusa ƙarewa, amma zai kai mu Juma'a, ranar asibiti.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi

Ba asibiti. Ba fita. Tun asuba ake jin ƙarar rikici, yanzu hayaƙi ya rufe gabas da mu. Yaya ya tare ƙofa da turmi da buhun gawayi.

Juma'a, bayan la'asar

Mutane sun shigo ta katangar baya, mata da yara daga layin ƙasa, wasu ba takalmi. Mun shimfiɗa musu a falo da ɗakina. Na raba musu barguna da rigunan sanyina. Ba wuta tun jiya, wayata ta mutu. Kafin ta mutu na kira Anti, ba ta shiga.

Mama na jin ƙarar. Duk sanda aka yi sai ta dube ni ta yi tambaya da yarenta. Na ce mata ndo. Shi kaɗai nake da shi.

Ƙwayar ƙarshe na ba ta da safe.

Asabar, 29 ga wata

An sa dokar hana fita. Yaya ya leƙa, ya ce kemis ɗin bakin layi babu shi. Bai ce an rufe ba. Ya ce babu shi.

Yau ce ranar miyar shuwaka.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Sanyin asubar yau ya shiga ƙashi. A ƙasa na kwana gefen gadonta da zani ɗaya. Da na tashi salla na tarar ta ture bargonta, ya zubo ta gefena. Tana cewa oyi, oyi natu gi. Oyi na san shi, Anti ta koya min, sanyi ne. Na mayar mata da bargon na cusa gefensa. Ta sake turewa da hannun hagu. Na rufa, ta ture. Tana ta faɗa, oyi natu gi, tana kallona.

Kwana biyu ban runtsa ba, yaran falo na kuka, ba ruwa a randa. Na ce, "Haba Mama! Kina cewa sanyi kina yar da bargo. Don Allah ki bar ni haka, na gaji."

Ta bar bargon a jikinta. Ta juya fuska bango.

Yanzu barci take, har da minshari. Gara ta huta.

Lahadi, bayan la'asar

Ba barci ba ne.

Litinin, 1 ga Disamba, da rana

Yaya ya fita da hannu a sama ya roƙi sojojin bakin titi, suka sa mu a bayan motarsu. Asibiti ya cika har baranda, ban ɗaga ido na kalli kowa ba. Dakta Dantong ya haska idonta da tocila. Rigarsa ta yi kwanaki a jikinsa. Ya ce ta biyun ce, wannan karon jijiya ce ta fashe, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Na ce saboda maganin ne? Ya ce, "Malama, ko da magani takan zo. Kada ki ɗora wa kanki."

Yaya na bakin kunnenta yana maimaita mata kalma. Ya ce ya ga leɓenta ya motsa. Ni ban gani ba, amma na ce na gani.

Talata, 2 ga wata

An kai ta makwancinta bayan azahar. Mutum kaɗan ne suka samu rakiya.

Alhamis, 4 ga wata

Inna Hassana ta wanke tandar ta kife a bayan ɗaki. Na ce ta mayar inda take.

Asabar, 6 ga wata, da yamma

Masu gaisuwa na cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta huta. Ina cewa amin. Gidan kowa da nasa makokin a makon nan, har kunya nake ji in yi kuka da ƙarfi, tunda tawa a kan gado ta tafi.

Na gaji. Abin da na ce mata ke nan. Na gaji.

Wayar Anti har yau ba ta shiga.

Litinin, 8 ga wata, ranar Babbar Salla

Ba mu yi layya ba. Yaya ya dawo daga idi ya zauna a ɗakin Mama bai cire babbar riga ba. Can ya ce, "Matar nan ba ta sani ba fa. Idan tana raye, haƙƙinta ne ta sani." Ya ce zai bi ta wajen wani direba ɗan unguwar su Anti da suke lodin fasinja tare.

Alhamis, 11 ga wata, bayan la'asar

Anti tana raye. Ta yi kwanaki a barikin soja, wayar ta faɗi a gudu. Ita ba za ta iya shigowa unguwarmu ba, mu ba za mu iya shiga tasu ba, sai muka haɗu a kasuwar Terminus, a kan bencin wata mai sayar da ayaba.

Tana hango mu biyu ta ga fuskokinmu, ta gane. Ta zauna a ƙasa cikin kasuwa ta ɗora hannu a ka tana kiran Ulonma. Yaya ne ya ɗaga ta. Ya ce, "Anti, ki yi haƙuri." Ban taɓa jin ya kira ta Anti ba.

Da ta natsu ta tambayi yadda aka yi. Na faɗa mata duka, har bargon. Na ce ƙarshen maganarta kukan sanyi take, ni kuma na yi mata tsawa.

Ta ce, "Yaya ya faɗa? Faɗa min yadda ya faɗa."

Na ce, "Oyi natu gi."

Ta ce, "Natu m, ko natu gi?"

Na ce, "Gi. Ta yi ta maimaitawa, ba zan manta ba."

Anti ta dube ni, ta dubi Yaya. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ce, "M, ni ke nan." Ta mayar da hannun ƙirjina. "Gi, kai ke nan. Ba shi ne yana jin sanyi ba, Maimuna. Ya ce kai ne kana jin sanyi. Bargon, kai yana ba."

Mai ayaba ta miƙo min ruwa a leda. Na kasa riƙewa.

Juma'a, 12 ga wata, da asuba

Sanyi sosai yau. Na ɗauko bargon na rufa.